Wahalar Gano Zaizayewar Ƙashi a Jikin Mai Ciwon Ƙodar da Ya Yi Nisa

A ɗauka mata biyu ne, kowacce tana da shekara 65 a duniya, aka kwantar da su ɗaya bayan ɗaya a kan gadon na'urar DXA, wadda ke auna cikar ƙashi, wato yawan ma'adinan da ke cikinsa. Hannun na'urar ya bi ta saman kwatangwalonsu da gadon bayansu a hankali, cikin 'yan mintuna aka gama, babu allura babu zafi, kuma takardar sakamakon kowacce ta fito da lamba iri ɗaya, wato -2.8 a wuyan ƙashin cinya. Ta farko ƙodarta lafiya lau take. Ta biyu kuwa shekararta huɗu tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako. Game da ta farko, likita ba zai ɓata lokaci ba wajen cewa zaizayewar ƙashi ce, ya duba wasu 'yan gwaje-gwajen jini, ya rubuta magani. Game da ta biyu, wannan lambar ta tabbatar masa cewa ƙashin matar yana cikin haɗarin karyewa, amma ba ta gaya masa abin da ke cin ƙashin ba, kuma maganin da zai taimaki ta farko yana iya zama bai dace da ta biyu ba, ko ma ya kai ta ga gadon gaggawa.

Tushen ruɗanin yana cikin ma'anar cutar kanta. A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'aunin da ake amfani da shi har yau: ana kwatanta cikar ƙashin mutum da ta lafiyayyar mace matashiya, a fitar da lambar da ake kira makin T. Daga -1 zuwa sama lafiya ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, daga -2.5 zuwa ƙasa kuma zaizayewar ƙashi ce, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. An gina ma'aunin ne domin matan da jinin al'ada ya ɗauke musu, waɗanda sanadin raunin ƙashinsu sananne ne kuma kusan iri ɗaya. A shekarar 2000 wani taron ƙwararru da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira ya faɗaɗa ma'anar, ya ce cuta ce ta raguwar ƙarfin ƙashi wadda ke jefa mutum cikin haɗarin karaya, kuma ƙarfin ƙashi ya dogara ne da abu biyu, cikarsa da ingancinsa. Na'urar DXA cika kaɗai take gani. Ciwon ƙoda kuwa ya fi yin ɓarnarsa a ɓangaren inganci, inda idon na'urar bai kai ba.

Kafin a fahimci wannan ɓarna sai an tuna cewa ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe wani sashe nasa ana sake gina shi. Akwai ƙwayoyin rusau masu kankare tsohon ƙashi, akwai ƙwayoyin gini masu shimfiɗa sabon zaren kolajin a gurbin, daga baya kalsiyam da fosfet su zauna a kan zaren ya taurare. Kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ake sabuntawa ta haka a kowace shekara. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki da kimanin kashi 85 na fosfet a cikin ƙashi suke, kuma ƙoda ce ke riƙe da ragamar daidaita su, domin ita ke fitar da rarar fosfet ta fitsari, ita kuma ke mayar da bitamin D zuwa siffarsa mai aiki, wadda hanji ke buƙata kafin ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Da zarar aikin ƙoda ya fara ja baya, ƙashi yakan fitar da sinadarin FGF23 da yawa don tilasta wa ƙodar zubar da fosfet, shi kuma wannan sinadari ya danne samar da bitamin D mai aiki, kalsiyam ya fara ƙaranci, sai ƙananan ƙullutai huɗu na faratayirod da ke maƙale a bayan tayirod a wuya su shiga kwarara sinadarin PTH. Aikin PTH shi ne ɗebo kalsiyam daga ƙashi ya zuba cikin jini. Wannan sarƙaƙiya tana farawa tun mara lafiya bai ji komai a jikinsa ba, kuma tana ƙaruwa yayin da ƙarfin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da mililita 30 a minti, wato mataki na huɗu, ya kuma sauka ƙasa da 15, wato mataki na biyar, inda ake shiga maganar wanki ko dashe.

Illar a bayyane take. Bayanan masu wankin ƙoda na Amurka sun nuna cewa karayar kwatangwalo a cikinsu ta kai kimanin ninki huɗu na ta sauran mutane masu shekaru da jinsi irin nasu, kuma wanda ya karye daga cikinsu ya fi daɗewa a asibiti, ya fi kuma fuskantar haɗarin mutuwa a watannin da ke biye. Ba ƙashi kaɗai ke jawo haka ba. Saukar bugun jini bayan wanki, da mutuwar jijiyoyin ƙafa da ciwon sukari ke haddasawa, da ramewar tsoka, da raunin gani, da tarin magunguna, duk suna sa mutum ya riƙa faɗuwa, kuma ƙashi mai rauni ba ya jure faɗuwa ko da daga tsaye ne.

Ƙungiyar KDIGO, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da cututtukan ƙoda a duniya, ta yi ƙoƙarin warware sunaye a 2006. Ta kira rikicin gaba ɗayansa CKD-MBD, wanda ya haɗa da gurɓacewar kalsiyam, fosfet, PTH da bitamin D a jini, da lalacewar ƙashi, da taruwar kalsiyam a bangon jijiyoyin jini. Ta kuma ce abin da ake gani a naman ƙashin kansa a bayyana shi da tambayoyi uku: yaya saurin rushewa da ginawa yake, shin sabon ƙashi yana taurarewa yadda ya kamata, kuma nawa ne ƙashin da ya rage. Amsoshin nan su ke raba marasa lafiya gida-gida. Akwai wanda PTH ya yi masa yawa har rusau da gini suna gudu ba kan gado, sabon ƙashin ya fito a hargitse, ɓawon ƙashi ya cika da ramuka, ɓargo ya yi zare-zare. Akwai wanda nasa ƙashin ya yi tsit, rusau da gini duk sun kusa tsayawa, ƙananan tsagewar da ke faruwa yau da kullum ba sa samun mai gyara su. Wannan shi ake kira ƙashi mai kasala, kuma an fi ganinsa ga tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu wankin ƙoda ta hanyar zuba ruwa a cikin ciki, da waɗanda aka danne musu PTH fiye da kima da kalsiyam ko magunguna. Akwai kuma wanda ƙwayoyin gininsa suna shimfiɗa zare amma zaren ba ya taurarewa, wato laushin ƙashi. Tarihin wannan nau'i na uku abin lura ne: a shekarun 1970 ya addabi masu wankin ƙoda a garin Niyukasul na Ingila har aka laƙaba masa sunan garin, kafin a gano cewa alminiyam ɗin da ke cikin ruwan wankin ne ke taruwa a ƙashi yana hana shi taurara. Tace ruwa da daina yawan amfani da magungunan alminiyam sun rage shi ƙwarai, amma ƙarancin bitamin D mai tsanani, da ƙarancin fosfet, da tsamin jini har yanzu suna iya kawo shi.

Kowanne daga cikin waɗannan nau'o'i yana iya fitowa da makin T na -2.8. A kan wannan kuma a ƙara cewa matar da muke magana a kanta shekararta 65, jinin al'ada ya daɗe da ɗauke mata, mai yiwuwa ta taɓa shan magungunan sitiroyid na tsawon lokaci saboda cutar da ta kashe mata ƙodar tun farko. Saboda haka zaizayewar ƙashi irin ta kowa da cutar ƙashi ta ƙoda suna zaune ne a ƙashi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma tambayar wacce ce daga cikinsu sau da yawa ba ta da amsa guda.

Wannan ne ya sa ƙa'idar KDIGO ta 2009 ta ba da shawarar kada a riƙa yi wa masu ciwon ƙoda daga mataki na uku zuwa sama, waɗanda ke da alamun CKD-MBD, awon DXA a kai a kai. Hujjarta ita ce babu tabbacin cewa awon yana hasashen karaya a jikinsu kamar yadda yake yi a sauran mutane, kuma ba ya bambance nau'in cutar. Hujjar ta dace da abin da aka sani a lokacin, domin yawancin nazarin da ake da su na kallo ɗaya ne, ba a bi marasa lafiya an ga wanda ya karye daga baya ba. Sai dai abin da shawarar ta haifar a asibitoci, a ganina, ya fi abin da ta yi nufin hanawa muni. Likitan ƙashi ya riƙa ganin lamarin na likitan ƙoda ne, likitan ƙoda ya mayar da hankali kan lambobin fosfet da PTH, mutanen da suka fi kowa karyewa kuma suka zama waɗanda aka fi bari ba awo ba magani. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. A shekarun da suka biyo baya aka samu nazarce-nazarcen da suka bi marasa lafiya na tsawon lokaci a Japan, Amurka da Kanada, ciki har da wanda aka buga a 2012 kan masu wankin ƙoda kusan 500 a Japan, kuma suka nuna cewa ƙarancin cikar ƙashi, musamman a kwatangwalo, yana hasashen karaya a masu ciwon ƙoda ma. A 2017 KDIGO ta juya matsayinta, ta ce a yi awon idan sakamakonsa zai shafi shawarar magani. Daga baya ƙwararrun ƙoda da na ƙashi na Turai suka fitar da matsaya ta haɗin gwiwa kan mataki na huɗu da na biyar, wadda aka buga a 2021, inda suka goyi bayan auna matan da al'ada ta ɗauke musu da mazan da suka haura shekara 50.

Karanta takardar DXA ta mai ciwon ƙoda kuwa yana buƙatar ido. Na'urar tana harba haske ne daga baya zuwa gaba, ta tattara duk kalsiyam ɗin da hasken ya ratsa ta lissafa shi a matsayin ƙashi. Babbar jijiyar jini ta ciki tana kwance ne daidai gaban ƙashin baya, kuma a jikin wanda ya daɗe yana wanki bangonta yakan cika da kalsiyam, sai na'urar ta haɗa shi da na ƙashin, lambar gadon baya ta fito da kyau alhali ƙashin ya zaizaye. Amosanin gaɓoɓin baya da tsohuwar karayar da ta danne gaɓa su ma suna ƙara lambar, haka nan maganin ɗaure fosfet mai sinadarin lantanam idan yana cikin hanji lokacin awon. Don haka idan aka ga gadon baya ya nuna -0.9, kwatangwalo kuma ya nuna -2.8, kwatangwalon za a gaskata. Akwai kuma batun sangalin hannu. PTH mai yawa ya fi cin ɓawon ƙashi, wato taurarren bangon waje, yana iya barin saƙar ciki ko ma ya kauraro ta, kuma wurin da ake aunawa a ƙashin sangalin hannu, kimanin sulusin tsawonsa daga tsintsiyar hannu, kusan duk ɓawo ne, shi ya sa wasu ke ƙara auna shi. Idan za a auna, sai a zaɓi hannun da ba a yi wa haɗin jijiyar wanki ba, domin hannun da ke ɗauke da haɗin yakan nuna ƙashi ƙasa da na ɗayan. Ga matan da ba su kai ga ɗaukewar al'ada ba da mazan da ba su kai 50 ba, makin Z ake dubawa, wanda ke kwatanta mutum da tsararrakinsa, kuma -2.0 ko ƙasa da haka shi ne abin damuwa.

Akwai hujjar da ta fi kowace lamba ƙarfi, kuma ita aka fi sakaci da ita, wato karayar da ta riga ta faru. Wanda ya karye a kwatangwalo ko ƙashin baya sakamakon faɗuwa daga tsaye ya riga ya nuna raunin ƙashinsa, ko da DXA ta ce komai lafiya. Matsalar ita ce kimanin kashi biyu cikin uku na karayar gaɓoɓin baya ba a gano su a lokacin da suka faru, domin gaɓar takan lotse ne a hankali, ciwon kuma a ɗora shi a kan gajiya ko zaman kujerar wanki na awa huɗu. Abin da ke tona asirinta shi ne raguwar tsawo da ranƙwafewar baya. Raguwar da ta kai santimita 4 daga tsawon ƙuruciya, ko santimita 2 tsakanin awo biyu na asibiti, dalili ce ta ɗaukar hoton ƙashin baya ta gefe, ko da eksire ko da na'urar DXA ɗin kanta. Masu ciwon ƙoda ana yawan ɗaukarsu hoton ƙirji da na ciki saboda wasu dalilai, musamman masu shirin dashe, kuma sau da yawa lotsattsiyar gaɓar tana nan a hoton ba wanda ya dube ta. Hoton gefen yana da wata riba kuma, domin yana nuna taruwar kalsiyam a babbar jijiyar jini, abin da ke taimakawa wajen sanin ko za a yarda da lambar gadon baya.

Manhajar FRAX, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Shefil ta Ingila aka fitar a 2008, tana lissafa yiwuwar karaya cikin shekara 10 daga shekaru, jinsi, nauyi, tarihin karaya, shan taba, sitiroyid da sauransu. Ciwon ƙoda ba shi da tambaya ta musamman a cikinta, yawan faɗuwa ma haka, don haka ana iya amfani da ita a matsayin mafari, tare da sanin cewa a matakan ƙarshe na ciwon tana iya rage kimar haɗarin. Akwai kuma makin TBS, wanda ake ciro shi daga hoton DXA na gadon baya don hasashen yanayin saƙar ciki, da wata na'urar sikanin mai kaifi da ke nuna ɓawo da saƙa daban-daban a tsintsiyar hannu da idon sawu, sai dai ita wannan galibi a cibiyoyin bincike take.

Duk waɗannan suna amsa tambayar farko ne, wato ko ƙashin yana da rauni. Tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ce saurin rushewa da ginawa, kuma a nan ake komawa ga jini. Ma'aunin da kowa ya saba da shi PTH ne, amma shaidarsa ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Ƙashin mai ciwon ƙoda yakan yi taurin kunne ga PTH, ta yadda adadin da zai haukata ƙashin lafiyayye ba lallai ya motsa nasa ba. Gutsattsarin sinadarin da ba sa aiki suna taruwa a jini saboda ƙoda ba ta fitar da su, kuma gwaje-gwajen kamfanoni daban-daban suna ƙirga su ta hanyoyi daban-daban. Shi ya sa KDIGO ta ba da faffaɗan zango ga masu wanki, daga ninki 2 zuwa ninki 9 na iyakar sama ta lafiyayye, wanda a yawancin ɗakunan gwaji ya kama daga kimanin 130 zuwa kusan 600. A gefuna biyu na wannan zango PTH yana faɗar gaskiya: idan ya yi ƙasa ƙwarai akwai alamar kasala, idan ya yi sama ƙwarai akwai alamar gudu. A tsakiya kuwa, inda mafi yawan marasa lafiya suke, an samu masu ƙashi mai gudu da masu ƙashi mai kasala da lamba iri ɗaya. Saboda haka ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, alkiblar da lambar ke bi cikin watanni ake kallo.

Don cike giɓin ana haɗa PTH da sinadaran da ƙashin kansa ke fitarwa, kuma a nan ma akwai tarko. Wasu sanannun ma'aunai, irin su CTX da ostiyokalsin, ƙoda ce ke tace su, don haka a jikin wanda ƙodarsa ta gaza za su taru su nuna kamar ƙashi yana gudu ko da yana kwance. Waɗanda za a dogara da su su ne waɗanda ba ruwansu da tacewar ƙoda: alkalin fosfates na ƙashi, da cikakken P1NP, waɗanda ke nuna gini, da TRAP5b mai nuna rusau. Inda babu waɗannan, alkalin fosfates na gama-gari, wanda ake yi a kusan kowane ɗakin gwaji, yana da amfani matuƙar hanta lafiya take. Idan PTH da alkalin fosfates duk sun yi sama, da wuya ƙashin ya zama mai kasala. Idan duk sun yi ƙasa, da wuya ya zama mai gudu. Idan alkalin fosfates ya hau alhali PTH bai kai yadda zai bayyana hawan ba, ga ciwon ƙashi, ga raunin cinyoyi har mutum ba ya iya tashi daga zaune sai da dafawa, ga ƙarancin fosfet ko bitamin D, to sai a zargi laushin ƙashi. Ƙarfin waɗannan gwaje-gwaje ya fi yawa wajen kore wani nau'i fiye da tabbatar da shi, kuma a aikace wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Hanya ɗaya tilo da ke nuna gaskiyar lamarin ido da ido ita ce ciro ɗan guntun ƙashi a duba, kuma dabararta tana da ban sha'awa. Ana ba mara lafiya maganin tetrasaikilin na 'yan kwanaki, ya huta kusan mako biyu, a sake ba shi na wasu 'yan kwanaki. Wannan magani yana manne wa duk inda sabon ƙashi ke taurarewa a ranakun da aka sha shi. Bayan 'yan kwanaki sai a kashe wurin da allura, a huda saman ƙashin ƙugu da wani bututu mai haƙora, a ciro guntun da faɗinsa bai wuce 'yan milimita ba. Ba a narkar da ma'adinansa kamar yadda ake yi wa sauran samfura, a cikin roba mai tauri ake binne shi a yanka shi sirara. A ƙarƙashin madubin likita mai haske na musamman, tetrasaikilin yana ƙyalli, sai a ga layuka biyu masu sheƙi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ce ƙashin da aka gina a makonni biyun nan. A ƙashi mai gudu layukan suna ko'ina. A ƙashi mai kasala sai a duba fili bayan fili ba a ga ko ɗaya ba. A laushin ƙashi kuwa ana ganin zare mai kauri wanda bai taurara ba, layukan sun dushe ko sun cakuɗe. Sai dai cibiyoyin da ke da kayan aiki da gwanayen karanta wannan samfuri kaɗan ne a duniya, sakamakon yakan ɗauki makonni, kuma yana nuna wuri ɗaya ne a lokaci ɗaya. Ƙa'idar 2009 ta lissafa shi cikin abubuwan da ya dace a yi kafin a ba mai CKD-MBD maganin bisfosfonet mai rage rusau, lamarin da a aikace ya zama shinge. Ta 2017 ta sassauta, ta ce a yi shi idan sanin nau'in cutar zai canja magani, kuma rashin samunsa kada ya zama hujjar barin mai babban haɗarin karaya haka nan.

Kafin a rufe bincike akwai cututtukan da ke shigar burtu, waɗanda dole a kore. Babbarsu ita ce sankarar ɓargo ta mayiloma, wadda ke lalata ƙoda da ƙashi a tare, ta yadda dattijon da ya zo da gazawar ƙoda da lotsewar ƙashin baya da ƙarancin jini yana iya zama ita ce ke damunsa tun asali. Wanda ya shekara da yawa yana wanki kuma wani furotin yana iya taruwa masa a gaɓoɓi ya ɓula ramuka a ƙashi, har ya karye a daidai ramin.

Dalilin duk wannan bin diddigi shi ne magani. Magungunan bisfosfonet ƙoda ce ke fitar da su, kuma takardun kamfanoninsu ba su ba da shawarar amfani da su ba idan tacewa ta sauka ƙasa da 30 ko 35, gwargwadon maganin, galibi saboda ba a sanya irin waɗannan marasa lafiya cikin manyan gwaje-gwajen da aka yi ba. Aikinsu rage rusau ne, shi ya sa ake fargabar ba wa mai ƙashi mai kasala, ko da yake hujjar cewa suna cutar da shi a zahiri ba ta da yawa, kuma a ganina an bar wannan fargaba ta yi girman da ya wuce shaidarta. Inda kuskuren ya tabbata shi ne laushin ƙashi, domin can abin da ake buƙata gyara bitamin D da fosfet da tsamin jini ne, hana rusau kuwa ƙara dagula lamarin zai yi. Denosumab, allurar da ake yi a ƙarƙashin fata duk wata shida, ba ta bi ta ƙoda, abin da ya sa aka rungume ta, amma tana rufe ƙofar fitar kalsiyam daga ƙashi farat ɗaya, kuma a jikin wanda PTH ɗinsa ke sama, wanda jininsa ya dogara da wannan ƙofa, kalsiyam yana iya faɗuwa har ya kai ga taurin tsoka, farfaɗiya ko rikicewar bugun zuciya. A watan Janairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗora wa maganin gargaɗi mafi girma a kan wannan haɗari ga masu ciwon ƙodar da ya yi nisa, musamman masu wanki. Dakatar da allurar ba tare da shiri ba kuma yana iya jawo karayar gaɓoɓin baya da yawa a jere.

Idan aka koma ga matar nan ta biyu, abin da likitanta zai yi ya fara fitowa fili. Zai auna tsawonta ya tambaye ta tsawonta na da, ya nemo tsofaffin hotunanta ya dubi gaɓoɓin baya, ya tambayi sau nawa ta faɗi a bana da kuma ko bayan wanki ne, sannan ya jera sakamakon PTH da alkalin fosfates da kalsiyam da fosfet na watanni goma sha biyu da suka wuce a gabansa. Idan ya tarar PTH yana 900 yana kuma hawa, alkalin fosfates ya ninka, to ƙullutan wuya za a fara yi wa magani, ko da ƙwayoyi ko da tiyata, domin rubuta maganin zaizaya a wannan hali kitso ne da ƙwarƙwata, kuma cikar ƙashi takan ƙaru bayan an cire ƙullutan da suka gagara. Idan ya tarar PTH yana 70, alkalin fosfates a ƙasa, zai fara da rage kalsiyam da magungunan da ke danne PTH, kuma a nan ne neman guntun ƙashi ko tunanin maganin da ke ƙarfafa gini ya fi cancanta. Idan kuma lambobin suna tsakiya, an gyara bitamin D, babu alamar laushi, ga tsohuwar karaya a hoton baya, zai zauna da ita ya bayyana mata zaɓin da ke akwai da haɗarin kowanne, kuma in sun tsaya a kan denosumab, zai daidaita kalsiyam da bitamin D ɗinta tun kafin allurar, ya duba yawan kalsiyam ɗin ruwan wankinta, ya kuma rubuta a katinta cewa a riƙa auna kalsiyam ɗin jininta kowane mako a makonnin farko bayan allurar.